Yadda ake neman sabon shugaba a kwalejin zane-zane da ƙira

Ranar da imel ya shigo cewa shugaban kwalejinmu zai sauka a ƙarshen shekarar karatu, wallahi kafin yamma kowa ya riga ya naɗa magaji da bakinsa. Malaman fenti suna son sanannen mai zane, 'yan sashen ƙirar kayayyaki suna son wanda ya san manyan kamfanoni, ɗalibai suna son wanda zai sassauta musu kuɗin makaranta, su kuma amintattu, wato 'yan hukumar da ke sa ido kan kwalejin, abu ɗaya ne a ransu, wa zai shigo da kuɗi. Ni aka tura kwamitin neman a matsayin wakilin malamai, na yi wata tara a ciki, kuma abin da na gani a wata taran nan shi nake so in shimfiɗa muku, don duk wanda aka ɗora wa irin wannan nauyi ya san inda zai sa ƙafa.

Abu na farko dai, ku ajiye maganar sunaye tukuna. Na san da wuya, don shi ne ɓangaren da ya fi daɗin hira, amma duk kwamitin da ya fara da "wa za mu ɗauko" kafin ya amsa "wane hali muke ciki" to ya fara gini daga rufi. Sannan tun a zaman farko a faɗa wa kowa gaskiyar wanda ke da wuƙa da nama. Kwamitin nema ba ya naɗa shugaba, hukumar amintattu ce ke naɗawa, ita ce kuma ke sallama. Aikin kwamiti ya tace, ya miƙa sunaye. A rubuta wannan a takarda, sunaye nawa ake so a miƙa, uku ne ko huɗu, a jere bisa fifiko ko ba jeri, zuwa yaushe, da kuɗi nawa aka ware wa aikin. In ba a rubuta ba, ranar da amintattu suka ɗauki na biyu suka bar na farko sai ka ga malamai sun ce an yaudare su, alhali tun farko ba wanda ya yi musu alkawari, kawai dai ba a yi bayani ba ne.

Lokaci kuma, a ba shi wata shida zuwa shekara guda. A Amurka yawanci ana kafa kwamiti a farkon shekarar karatu, a sanar da wanda aka zaɓa wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ya kama aiki 1 ga Yuli. In shugaba ya tafi ba zato ba tsammani, kada a ce za a matse aikin shekara cikin sati shida, a naɗa na riƙon ƙwarya a numfasa. Amma a yanke hukunci a fili tun ranar, shi mai riƙon yana da damar neman kujerar ko babu? Duka biyun ana yi. A Rhode Island School of Design, wadda ake kira RISD, Rosanne Somerson ta yi riƙon ƙwarya daga farkon 2014 aka tabbatar mata da kujerar a 2015, kuma 'yar gida ce, can ta yi karatu, mai ƙera kujeru da tebura ce da ta daɗe tana koyarwa a wurin. Matsalar kawai in an bar abin a duhu, 'yan waje masu ƙarfi ba za su nema ba, za su ce ai an riga an gama magana, mu rakiya kawai za mu yi.

To yanzu ga inda nake so in tsaya sosai, maganar kuɗi. Kafin a buga talla ko ɗaya, kwamiti ya zauna da mai kula da baitulmalin kwalejin, a buɗe littattafai na gaskiya, ba waɗancan shafuka masu launi da ake nuna wa baƙi ba. Ɗalibai nawa suka shigo kowace shekara cikin shekara goma da suka wuce, layin hawa yake ko gangara? A cikin kuɗin makarantar da aka rubuta a takarda nawa ne ke shigowa hannu bayan an cire rangwame da tallafin da ake ba ɗalibai? Bashi nawa ake bin kwalejin, yaushe za a biya, wane gini aka jingina? Asusun wakafi nawa ne, kuma nawa ne daga ciki masu bayarwa suka ɗaure da sharaɗi ba a iya taɓa shi? Wane rufi ke yoyo, wane injin zuƙe hayaƙi ne ya tsufa aka yi ta ɗage gyaransa? In an daina samun kuɗi yau, wata nawa za a iya biyan albashi?

Dalilin da ya sa nake nacewa shi ne kwalejin zane ba kamar sauran makarantu take ba wajen tsada. Malamin tarihi zai iya tsayawa gaban mutum ɗari biyu da makirfo ya gama aikinsa, amma ba ka koya wa mutum ɗari biyu walda ko hura gilashi ko buga zane a lokaci ɗaya, ajin situdiyo mutum sha biyar ne ko sha takwas, awa biyar ko shida a tsaye, kowane ɗalibi yana buƙatar fili nasa da teburinsa, ga murhun gasa yumɓu da ke shan wuta kamar me, ga ɗakin katako da ɗakin ƙarfe da kowanne sai da ƙwararren ma'aikaci a tsaye don kada inji ya cire wa yaro yatsa, ga kwamfutoci da manhajojin da sai an sabunta lasisinsu duk shekara. Kuma yawancin irin waɗannan kwalejoji ƙanana ne, kuɗin ɗalibai ne jininsu, in mutum hamsin suka fasa zuwa a shekara ɗaya jiki zai ji.

Ba tsoratarwa nake yi ba, abin ya faru an gani. San Francisco Art Institute da aka kafa tun 1871 ta rufe a 2022 bayan maganar haɗewa da wata jami'a ta wargaje. Oregon College of Art and Craft ta rufe a 2019, Memphis College of Art a 2020. Wadda ta fi girgiza mutane ita ce University of the Arts da ke Filadelfiya, an sanar ranar 31 ga Mayun 2024 cewa za ta rufe ranar 7 ga Yuni, sati ɗaya kacal, kuma shugabarta Kerry Walk ko shekara ba ta cika a kan kujerar ba. Ka yi tunanin ɗaliban da suka rage musu shekara ɗaya su gama, da malamin da ya yi shekara talatin a wurin. Shi ya sa nake cewa abin da kwamiti ya gani a littattafan nan, dole 'yan takarar ƙarshe su ma su gan shi, a sa su sa hannu kan takardar riƙe sirri in ya so, amma a nuna musu komai. Wanda ya gani ya gudu, Allah ya raka taki gona. Wanda ya gani ya ce zan iya, ya kuma faɗi ta yaya, to da shi ake magana. Ɓoye wa ɗan takara rami don kada ya tsorata zalunci ne a kansa da kuma a kan ɗalibai, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, wata uku da kama aiki zai gano.

Shi kansa kwamitin kada ya cika yawa, mutum sha biyu zuwa sha biyar ya isa, in ya haura haka taro ne kawai ba aiki. Amintattu za su fi yawa kuma ɗaya daga cikinsu ke shugabanta, wannan ba laifi. Sai malamai, kuma a nan a kula, kada a kwaso su duka daga ɓangare ɗaya, don tsakanin masu zanen fasaha zalla da masu ƙira don kasuwa akwai tsohuwar jayayya a kusan kowace kwaleji irin wannan, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ke cinye kasafi. A sa malami na wucin gadi ko da ɗaya, don a wurare da yawa su ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na azuzuwa, albashinsu kaɗan, kuma ba a cika tambayarsu komai ba. A sa ɗalibi ɗaya ko biyu, a sa tsohon ɗalibi. Sannan don Allah a sa ma'aikacin situdiyo, irin mutumin nan da ke kunna murhu da asuba yana gyara zarto, ba wanda ya san lafiyar ginin nan kamarsa. A namu kwamitin wata mai kula da ɗakin yumɓu ce ta yi tambayoyin da suka fi na kowa amfani, zan dawo kanta.

Kowa ya sa hannu kan riƙe sirri, kuma a yi da gaske. Yawancin mutanen da kuke so suna da aiki a wani wuri, wasu ma shugabanni ne, in sunansu ya fita a guruf ɗin WhatsApp cewa suna neman tafiya to kun ɓata musu zama da mutanensu, kuma za su janye. Mu mun rasa mutum ɗaya mai kyau ta haka, wani ya faɗa wa abokinsa, abokin ya faɗa wa nasa, cikin kwana huɗu magana ta isa inda matar take aiki, ta turo saƙo layi biyu ta ce a cire sunanta. Har yau abin yana min ciwo. Mutum ɗaya ne zai riƙa magana da yawun kwamiti, shi ne shugabansa, kuma ya riƙa fitar da bayani duk bayan 'yan makonni, muna mataki kaza, saura kaza, don in aka yi shiru jita-jita ce ke cike gurbin.

Bayan haka sai sauraro. A yi zama daban-daban da ɗalibai, da malamai, da ma'aikata, da tsofaffin ɗalibai, da masu ba da gudummawa, kuma kada manyan ofis su zauna a ɗakin lokacin da ƙananan ma'aikata ke magana. Tambayar "wane irin shugaba kuke so" ba ta kawo komai sai kalmomi masu daɗi, mai hangen nesa, mai gaskiya, mai sauraro, wa zai ce ba ya son waɗannan? Gara a tambaya, mene ne abu ɗaya da in aka taɓa shi kwalejin nan ta daina zama ita, mene ne kuma abin da kowa ya san ya lalace amma ba a faɗa. A nan ne ake jin magana. Daga abin da aka ji sai a rubuta takardar bayanin kujerar, wadda za a tura wa masu nema. Kada ta zama takardar yabon kai, kuma kada a jera siffofi ashirin da ba ɗan Adam ɗin da ya haɗa su. A zaɓi ayyuka uku ko huɗu da dole sabon shugaba ya yi cikin shekara uku na farko, a rubuta su ƙarara, ko da ɗaya daga ciki shi ne a duba yiwuwar haɗewa da wata makaranta. Tun ran gini tun ran zane, da wannan takarda za a auna kowa daga baya, in ta zama ruwa-ruwa to zaɓen ma haka zai zama.

Maganar ɗaukar kamfanin da ke farautar shugabanni, yawanci ana ɗauka, kuma ina ganin yana da amfani don mutanen kirki da yawa ba sa amsa talla, sai an buga musu waya an lallashe su. Akwai sanannu irin su Isaacson, Miller da WittKieffer da Russell Reynolds, ladansu kuma bisa al'ada wajen kashi ɗaya cikin uku ne na albashin shekarar farko na wanda aka ɗauka, ban da kuɗin tafiye-tafiye. Ku gana da uku kafin ku zaɓa, ku tambayi wane ne takamaimai zai riƙe aikinku ba wanda ya zo tallata kamfanin ba, ku tambayi makarantun fasaha nawa ya taɓa yi wa, waɗanda ya kawo kuma shekara nawa suka yi a kujera. Amma ku tuna dillali ne, so yake ciniki ya faɗa. Kada ku bar shi ya tace muku mutane shi kaɗai, ku ce kuna so ku ga duk takardun da suka shigo, ku ma ku kawo sunaye daga gidajen tarihi, da gidauniyoyi, da kamfanonin ƙira, da 'yan'uwan kwalejoji na AICAD, ƙungiyar kwalejojin zane da ƙira masu zaman kansu.

Sai babbar gardamar da ba kwamitin da ke tsallake ta, shin dole shugaban ya zama mai zane ko mai ƙira? Na shiga kwamitin ina cewa dole, na fito ra'ayina ya yi laushi. Dubi Fred Lazarus, digirinsa na harkar kasuwanci ne daga Harvard, amma ya riƙe Maryland Institute College of Art daga 1978 har 2014, shekara 36, kwalejin ta bunƙasa a hannunsa. Dubi kuma John Maeda, shi kam mai ƙira ne na gaske da duniya ta sani, daga jami'ar MIT aka ɗauko shi zuwa RISD a 2008 ana ta murna, amma a 2011 malamai suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, rigimar kuma ta shafi yadda ake yanke shawara kan tsarin karatu ba tare da an tafi da su ba. Ya ci gaba da zama har ƙarshen 2013. Ita RISD ɗin a 2022 marubuciyar waƙoƙi ta ɗauko, Crystal Williams, daga Jami'ar Boston. Cooper Union ta New York kuma, wadda Peter Cooper ya kafa a 1859, ta shafe shekaru aru-aru ɗalibanta ba sa biyan kuɗin karatu, da aka sanar a 2013 cewa za a fara karɓa ɗalibai suka mamaye ofishin shugaba kwana 65, shugaban Jamshed Bharucha ya sauka a 2015, wadda aka kawo a 2017, Laura Sparks, daga wata gidauniya ta fito, kuma a zamaninta aka tsara hanyar komawa karatu kyauta. Abin da na fahimta daga duk wannan, sunan sana'ar mutum ba ya gaya maka komai sosai. Abu biyu nake nema yanzu, ya iya karanta kasafi ya gane inda ciwon yake ba sai an fassara masa ba, kuma ya iya zama cikin situdiyo ya girmama abin da ake yi a can har zuciyarsa. In yana da ɗaya ya rasa ɗaya, a tambaye shi wa zai ɗauko ya cike masa, a ga ko ya ma san yana da giɓin.

Shugaba mai barin gado fa? A ji shawararsa, a karɓi bayanin da ya sani, amma kada ya zaɓi magajinsa. Ko a Bauhaus, makarantar zane da ƙira ta Jamus, shugabanta Walter Gropius da kansa ya miƙa wa Hannes Meyer ragamar a 1928, shekara biyu kacal aka sallami Meyer saboda rigimar siyasa. Dalilan can daban ne na yarda, amma ko banza wanda tsohon shugaba ya nuna da yatsa yakan gaji abokan gabansa tun kafin ya zauna.

Tacewa kuma haka take tafiya, kowane ɗan kwamiti ya karanta takardun shi kaɗai ya ba da maki bisa ayyukan nan uku ko huɗu kafin a haɗu, don in aka fara da baki mai babbar murya ne zai ja kowa. A rage zuwa takwas ko goma, a yi musu intabiyu na awa ɗaya da rabi, ko ta bidiyo ko a wani otal nesa da makaranta, tambayoyi iri ɗaya ga kowa don a iya kwatantawa. Kuma a tambayi abin da mutum ya taɓa yi, kada a tsaya kan abin da zai yi, don alkawari kowa ya iya. Ba mu labarin lokacin da ka rufe wani sashe ko ka rage ma'aikata, wa ka fara faɗa wa, me ka yi da ɗaliban da ke ciki? Kyauta mafi girma da ka taɓa roƙowa da bakinka nawa ce, shekara nawa ka yi kana bin mai ita? Ɗalibi ya rataye aikin da ya fusata babban mai ba ku kuɗi, ya bugo waya ya ce a sauke ko ya janye, me za ka yi kafin gari ya waye? Wannan ta ƙarshen a makarantar fasaha ba tatsuniya ba ce, za ta zo, kuma amsar na nuna maka mutum. A tambaye shi kuma ra'ayinsa kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto, don iyaye suna tambaya ko yaransu za su samu aiki, ba amsa ɗaya ake nema ba, so ake a ga ko ya yi tunani mai zurfi ko kuwa yana maimaita abin da ya ji ne.

Da an rage zuwa uku ko huɗu sai a kawo su cikin makaranta. A nan ake gardamar a buɗe ko a rufe, wato a bayyana sunayensu su tsaya gaban kowa, ko a ɓoye har ranar sanarwa. Makarantun gwamnati a wasu jihohin Amurka doka ce ke tilasta musu buɗewa, masu zaman kansu kuma sun fi karkata ga rufewa. Ni tsaka-tsaki na fi so, a ƙara wasu malamai da ɗalibai da ma'aikata kamar ashirin ko talatin, su sa hannu kan sirri, su gana da kowane ɗan takara su rubuta ra'ayinsu. Mutanen makarantar zane ba sa son a kawo musu abu a gama a ce ga shi, sun saba komai sai an baje shi an tattauna.

Kuma duk yadda aka yi, a kai ɗan takara zaman sharhi. Wanda bai sani ba, shi ne zaman da ɗalibi ke manna aikinsa a bango ko ya ɗora a tebur, malamai da 'yan ajinsu su kewaye shi su yi ta faɗin abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba, wani lokaci awa huɗu ana abu ɗaya, wani yaron har hawaye. Nan ne zuciyar makarantar. Mun kai mutum biyu a ranaku daban. Na farko, mai babban suna, ya tsaya bakin ƙofa da wayarsa a hannu, bayan minti goma ya karɓe maganar ya yi wa yaran lacca kan kasuwar fasaha ta duniya. Ta biyu ta jawo kujera mai tabon fenti ta zauna ba ta ko duba ba, ta yi shiru kusan rabin awa, sannan ta tambayi wata yarinya me ya sa ta bar gefen hagu na zanen ba komai, yarinyar ta fara bayani muryarta na rawa har ta saki jiki. Da muka shiga ɗakin yumɓu sai mai kula da wurin nan da na ambata ta tare ta, ta nuna mata bututun fitar da hayaƙi ta ce shekara shida tana rubuta takarda a kansa, in kin zo me za ki yi? Matar ba ta yi mata alkawari ba, ta tambayi nawa gyaran zai ci, ta tambayi su wa ke shaƙar ƙurar kullum, ta rubuta a ɗan littafinta. Gani ya kori ji, abin da na gani a awa biyun nan ya fi duk takardun da na karanta a wata shida.

Kafin a miƙa suna, bincike. Mutanen da ɗan takara ya bayar a tambaya ai masoyansa ne, a kira su, amma da izininsa a kira waɗanda bai bayar ba, musamman waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, da shugaban ƙungiyar malamai na inda ya baro, da mai kula da kuɗinsu. 'Yan kwamiti su yi wasu kiran da kansu, kada a bar wa kamfani duka, kuma a saurari inda mutum ya yi jim kafin ya amsa. A tabbatar da digirorinsa daga makarantun da suka ba shi, a duba rubuce-rubucensa ko akwai satar fasaha, a duba shari'o'i da ƙorafin cin zarafi. Abin kunya ne a ce ɗan jarida ko ɗalibi mai waya ya gano cikin awa ɗaya abin da kwamiti bai gano a wata tara ba. In kuma an zo ƙarshe ba wanda ya kwanta muku, a faɗa wa amintattu haka, a tsawaita riƙon ƙwarya a sake lale, wannan ya fi a ɗauki wanda kowa ke ɗari-ɗari da shi don kawai an gaji.

Kwantiragi aikin amintattu ne da lauya, yawanci shekara uku zuwa biyar, a rubuta yadda za a auna aikinsa duk shekara da yadda za a rabu in abin bai yiwu ba. Albashin kuma a yi shi da tunanin ranar da zai fito fili, don a Amurka makarantu masu zaman kansu da ba na riba ba suna bayyana shi a takardun haraji, malamin wucin gadi zai gani ya kwatanta da nasa. Kada kuma a yi zaton za a samu mai shekara talatin irin na da, binciken American Council on Education ya nuna a 2006 matsakaicin daɗewar shugabannin kwalejoji a kujerarsu shekara 8.5 ne, a 2022 ya sauko 5.9. Wato akwai yiwuwar wasu cikinku su sake zama irin wannan kwamiti, don haka a adana bayanan yadda aka yi, abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba.

Ranar sanarwa 'yan gida su fara ji kafin 'yan jarida, ko da da awa ɗaya ne. Waɗanda ba a ɗauka ba shugaban kwamiti ya kira su da bakinsa kafin nan, musamman in akwai ɗan gida a cikinsu, don gobe da shi za a ci gaba da aiki a ofis ɗaya. Sannan kada kwamiti ya watse gaba ɗaya, a bar mutum huɗu ko biyar su raka sabon shugaba wata shida na farko, su tsara masa wa zai gani da wa, su sa hukumomin tantance makarantu irin NASAD cikin jerin farko, su tabbatar ya zaga kowane situdiyo da ƙafarsa kafin ya fara yawon neman kuɗi. Mu matar nan ta biyu aka ɗauka, mun sa mata ziyarar ɗakin yumɓu a satinta na biyu, ƙarfe bakwai na safe lokacin da ake buɗe murhu, ta zo da ɗan littafin nan nata, aka fara da maganar bututun.